Sai Kin Zauna

Da zarar an rufe makarantu an shiga hutun ƙarshen shekara, gidan Mai Kujeru sai ya fara ramewa. Kujerun cin abinci guda shida su ke fara tafiya, sai bencin tsakar gida ya bi su, sai 'yan kujerun tsugunno na kicin, har ta kai wanda ya yi sallama a falo sai ya ji muryarsa ta dawo masa.

Sana'arta ke nan, bayar da hayar kujeru da tebura da rumfuna. Da kujerun roba arba'in ta fara, shekara tara da suka wuce, a wani ɗan ɗaki da ke jikin gidan. Yanzu tana da ɗari huɗu da 'yan kai, ga motar ɗaukar kaya, ga direba. Amma a lokacin hutu ɗari huɗu ba su kai ko'ina ba. Duk wanda ya ɗage aure, duk wanda ya ɗage taron dangi ko na tsofaffin ɗalibai, cikin makonni ukun nan yake son yi, kuma kowa baƙinsa sun fi yadda ya faɗa. Ita kuwa bakinta bai iya cewa babu ba. In na shago sun ƙare sai ta waiwayo gida.

Mijinta malamin makaranta ne, labarin ƙasa yake koyarwa, shi ne mai hutu na gaske a gidan. Ya daɗe da daina gardama. Wani bokitin fenti ya samu ya kife a gindin taga, ya ɗora masa matashi, a kai yake karatun jarida. 'Yarsu guda, da ta dawo daga makarantar kwana, ta mai da tsakiyar gado falonta, nan take ci, nan take karatu. Kujera ɗaya ce ba a taɓawa, wata babba mai hannu, mai laushi, a kusurwar falo. Ta Baba ce in ya zo.

Ranar Talata kuwa sai ga shi da motar safe, riƙe da 'yar jakarsa, bai ko aiko ba.

Baba mahaifin Mai Kujeru ne, mai gyaran agogo, ya kusa shekara hamsin yana yi a garinsu, tafiyar awa biyar daga nan. Tun da mahaifiyarta ta rasu shi kaɗai yake zaune. Kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya yi wa wanda ke tsaye magana mai nauyi. A shagonsa ma benci ya ajiye. Ko minti ɗaya gare ka, sai ka zauna zai buɗe bayan agogonka ya gaya maka ciwonsa.

Ta same shi a falo ya riga ya nutse cikin kujerarsa, ita kuma waya na manne tsakanin kunnenta da kafaɗa, ga igiyar rumfa a hannu.

“Baba! Haka ake yi? Ko waya babu? A'a, ba da ke nake ba, tebur takwas na ce. Baba sannu da hanya, ya ƙafar?”

“Ƙafa lafiya, Uwata.” Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. “Jibi Alhamis zan koma, da motar ƙarfe huɗu. Akwai magana.”

“To faɗi, Baba, ina jin ka.”

Ya dube ta tun daga ƙafa har kai.

“Sai kin zauna.”

Ta waiga dama, ta waiga hagu. Babu abin zama a falon sai bokitin mijinta Malam, shi kuma yana kai. Sai ta durƙusa a gabansa, ƙafa ɗaya a shirye.

“Ga shi na durƙusa, ai ya fi zama ladabi.”

“Wannan na gaisuwa ne, kuma na amsa. Je ki, ana jiran ki. Tawa ba ta gaggawa ba ce.”

Ta tashi tana dariya, ta ce da yamma in sha Allahu. Da yamma rumfar wasu ta kife a kan teburin abinci, ba ta dawo ba sai da Baba ya shiga ɗaki.

Washegari da safe tana tsaye a bakin kicin tana kurɓar shayi, ta ga yarinyar ta kai wa kakanta nasa. Wasa suke yi irin na jika da kaka, shi yana ce mata amarya, ita tana ce masa tsohon ango.

“Amarya, ƙarfe nawa?”

“Kai da agogo biyu a hannu, ni kake tambaya?”

“Gwada ki nake, in ga ko makarantar tana aiki.”

“Takwas saura kwata. Kuma ka zuba sukari a kan faranti, ba a kofi ba. Ni dai an cuce ni da wannan miji.”

“Farantin ma yana so.”

Mai Kujeru ta ji abin ya ɗan taɓa ta. Tun da take ba ta taɓa jin Baba ya tambayi wani lokaci ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai waya ta yi ƙara, wata mata ce mai aurar da ƙanwa tana rantsuwa cewa kujera sittin ta ce ba hamsin ba. Nan ta manta da abin.

Wajen hantsi ta yi niyya ta gaske. Ta ajiye komai, ta zo ta zauna a kan dakalin ƙofar falo, ta miƙe ƙafa.

“Baba, ga ni. A zaune.”

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Baba ba ya faɗawa cikin magana ta tsakiya, sai ya zagayo ta baya. Ya fara da maƙwabcinsa mai sayar da taya, da yadda ya faɗaɗa shago ya tare masa haske. Daga nan ya gangaro kan rufin ɗaki da ke yoyo. Tana ta cewa “to, Baba,” “haka ne, Baba,” wayar kuma tana ta motsi a cinyarta kamar an kama kifi. Ta duba da wutsiyar ido. Masu babban taron yau ne, kira na huɗu.

“Baba, minti ɗaya.”

Ta miƙe. Tana miƙewa ya rufe baki, ya naɗe hannuwa a kan ciki.

Abin da ya faru a can shi ne, kujerar babban baƙo ta karye tun kafin ya iso, wani ƙato ya gwada ta. Sauran kujerun ma sun kasa, mutane na tsaye jikin bango. Ta fita da gudu, tana hanya ta kira direbanta. Sannu-Sannu ake ce masa, dattijo ne, bai taɓa buge ko kaza ba, bai kuma taɓa isa wuri a kan lokaci ba. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

“Ka biya ta gida yanzun nan,” in ji ta, “duk abin da ke da ƙafa huɗu ka ɗauko.”

“Duka, Hajiya?”

“Duka na ce!”

Lokacin da ya isa Baba ya shiga wanka, Malam ya fita sayen jarida, yarinyar tana ɗaki da abin jin waƙa a kunne. Sannu-Sannu ya ɗauki teburin guga, ya ɗauki ɗan teburin da ake ɗora talabijin, talabijin ɗin ya jingine ta da bango a hankali. Ya tsaya a kan babbar kujera, ya sunkuya ya ƙirga ƙafafunta, ya kira masu lodi. Kyanwar gidan ce kawai ya bari, ita ma daga baya ya ce sai da ya yi tunani.

Mai Kujeru ba ta san an yi ba sai da ta hango babban baƙo a kan dandali, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya cikin kujerar Baba, yana gyangyaɗi ana jawabi.

Da ta dawo da la'asar ta tarar da Baba a kan bokiti, Malam ya ba shi, har da ƙarin matashi. Shi Malam yana ƙasa a kan jaridar jiya. A kusurwa sai sawun ƙafafun kujera huɗu a jikin kafet.

“Baba, don Allah ka yi haƙuri, wallahi ban ce a ɗauki taka ba.”

“Ba komai. Na fito na zauna inda na saba, sai na ji ni a ƙasa.”

“Innalillahi! Ka ji ciwo?”

“A'a. Na dai ɗan daɗe a can ina tunanin duniya.”

Yarinyar ta tuntsure da dariya har da riƙe ciki. Malam ya ɓoye fuska a bayan jarida, kafaɗunsa na rawa. Ita ma Mai Kujeru dariyar ta kama ta, amma can ƙasan ranta tana tambayar kanta yadda mutum zai zauna a kan kujerar da babu ita, da rana tsaka, taga a buɗe. Kafin ta bi tambayar, aka kira daga wurin taro cewa an tashi, a zo a kwashe.

Ranar Alhamis taro uku gare ta. Da azahar ta shigo ɗaukar wasu igiyoyi, Malam ya biyo ta har ɗakin ajiya ya tsaya a ƙofa. Manaja yake ce mata in yana son tsokana, amma yau fuskarsa ba wasa.

“Manaja, ƙarfe biyu ta wuce.”

“Na sani, Malam, matsa in wuce.”

“Jakarsa tana bakin ƙofa tun safe. Na ce ya gaya mini in isar miki, ya ce ba ni ya haifa ba. Kin san halinsa fiye da ni. In ya hau motar nan bai faɗa ba, ba zai sake ɗauko ta ba, ko a waya, ko baɗi.”

“To ya zan yi? In tsaga kaina biyu?”

“Ni dai labarin ƙasa na sani. Daga nan zuwa tasha minti ashirin ne. Da Sannu-Sannu, arba'in.”

Ta tsaya da igiya a hannu tana kallonsa.

Uku da 'yan mintuna motar Sannu-Sannu ta tsaya a ƙofar gida, ta kwaso kayan taron jiya. Kujerun roba an jera su bisa juna an ɗaure, babbar kujera kuma tana tsakiya, an juya ta tana kallon baya. Ƙofar gefen fasinja ta daɗe da daina buɗuwa, ga kuma rumfa a naɗe an cusa a wurin. Mai Kujeru ta ce bari a nemo tasi. Baba ya dafa jikin motar, ya shafa har hannunsa ya kai ga hannun kujerar.

“Wannan ba tawa ba ce?”

“Ita ce, Baba.”

“To a ciki zan tafi. Jiya wani ya more ta, yau sai mai ita.”

Aka kawo bokitin Malam ya taka, Malam na tura shi ta baya, Sannu-Sannu na ja ta sama, yarinyar na ihu tana cewa a bi mata ango a hankali kada a ɓalla shi. Ya zauna ya daidaita hula, ya ɗora jaka a cinya, sai ka ce shi aka shirya wa taron. Mai Kujeru ta haye ta tsaya a gefensa, hannu ɗaya ya kama ƙarfen motar, ɗayan yana danna waya.

Mota ba ta motsa ba. Ta buga rufin gaba.

“Mu je mana!”

Sannu-Sannu ya leƙo ta taga.

“Hajiya, ba na tafiya da mutum a tsaye a baya.”

“Motar wa?”

“Taki ce. Amma in kin faɗo ni za a tambaya.”

Gefen bakin Baba ya ɗan motsa. Ta yi tsaki, ta kwance igiya, ta zaro kujerar roba ɗaya daga saman jerin, ta dangwarar da ita kusa da tasa ta zauna. Motar ta ja.

Bayanta ne ya fara gaya mata rabonta da zama. Wani ciwo mai daɗi ya bi ta daga ƙugu har wuya, ta ji ƙafafunta suna zafi a cikin takalmi. Suka wuce mai wankin mota, suka wuce kantin magani. Yara a bakin titi suna nuna su suna ɗaga hannu, Baba ma yana ɗaga musu, wani lokacin ga yara, wani lokacin ga sandar wuta. Wayar ta yi ƙara. Masu taron yamma ne. Ta dubi sunan, ta dubi mahaifinta, ta danne maɓallin gefe har fuskar wayar ta yi baƙi, ta jefa ta cikin jaka.

Ya bari suka ƙara wuce layi biyu. Ta san gwada ta yake, ta gyara zama.

“Mai tayar nan,” in ji shi, “da na ce miki ya tare mini haske.”

“Na'am, Baba.”

“Har faɗa na yi da shi. Bawan Allah bai tare komai ba. Hasken yana nan.”

Ya kwance agogon hannunsa na dama ya miƙa mata. Tsohon agogo ne, ta san shi tun tana yarinya.

“Dogon hannun ina ɗan ganin inuwarsa. Gajeren ya tafi tun bara. Na ciki kuwa, 'yan ƙananan haƙoran nan, wata biyar ke nan da hannu nake lalube. Ranar da na mayar wa wata mata agogonta yana tafiya da baya, ranar na rufe shago. Wata biyu ke nan.”

“Baba! Wata biyu, ba ka gaya wa kowa ba?”

“Ga shi ina gaya miki. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idon, duka biyun. Za su yi aiki bayan hutu, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ana dacewa sosai. Amma sai da mai kula da ni, mako shida ko fi, mai ɗiga magani, mai hana ni sunkuyawa. Shi ne na ce bari in zo in duba ko gidan Uwata da wurin zama.” Ya ɗan yi dariya. “Na zo na tarar masu gidan ma bokiti suke hawa. Sai na ce to, mai taya yana da ɗa, zan roƙe shi.”

Ta rufe baki da gefen mayafi. Sukarin da ya zube a faranti ya dawo mata, da faɗuwar jiya da suka yi ta yi wa dariya. Hawaye ya zubo, ta share, wani ya biyo.

“Kuka kuma? Ni da na ga ana dariya a gidanku na ji daɗi.”

“Ɗan mai taya, Baba? Ina raye?”

“Kina raye, amma a guje.”

Ta miƙe za ta buga rufin mota a juya gida, Sannu-Sannu ya hango ta ta madubi ya taka birki a tsakiyar titi. Na baya suka hau hon.

“Hajiya, zama!”

Ta koma ta zauna.

“Ba za a juya ba,” in ji Baba. “Na sayi tikiti. Kuma kayana suna can, ba wanda ya san yadda ake naɗe su sai ni.”

“Kai da ba ka gani, kai za ka naɗe?”

“Hannu yana gani.”

Suka shiga tasha, huɗu saura 'yan mintuna, ana ta kiran fasinja. Aka sauko da Baba. Ta ce ya tsaya nan jikin mota kada ya motsa, ta kutsa cikin mutane, can sai ga ta da tikiti a hannu. Ta kunna wayar, kira goma sha ɗaya ya shigo a jere, ta tsallake su ta kira gida.

“Malam, ka san bambancin rumfa mai ƙafa shida da mai ƙafa takwas?”

“Ina jin ƙafa biyu ne.”

“Madalla, ka ci jarrabawa. Zan raka Baba, sai Asabar za mu dawo tare, da kayansa. Sannu-Sannu zai kawo maka wayar nan. Yau saura taro ɗaya, gobe biyu. Littafin yana kan firji, komai na ciki. Wanda ya ce a ƙara masa kujera ka ce babu.”

“Haka kawai? Babu?”

“Haka ake faɗinta, ina ji. Kuma ɗakin baƙi, a fitar da teburan da ke ciki a share.”

Malam ya gane.

“To, Manaja. Allah ya kiyaye hanya. Amma in rumfa ta kife a kan mutane, sunanki ne a jikin mota.”

Ta miƙa wa Sannu-Sannu wayar. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri.

“Hajiya, in ta yi ƙara fa?”

“Ka ƙyale ta. Kai dai ka kai ta yau, ba gobe ba.”

A cikin motar suka samu wuri can baya, ta sa Baba a gefen taga, ta ɗora jakarsa a cinyarta. Hannunta ya kai cikin jaka neman waya sau biyu kafin motar ta fita daga tasha.

“Baba, kayan naka da yawa ne? In san irin motar da za mu nema.”

“Ba yawa. Akwatin aiki, da katifa, da rediyo. Sai agogunan bango.”

“Guda nawa?”

“Goma sha bakwai.”

“Goma sha bakwai! Duk suna aiki?”

“Wane irin zance ne wannan? Gidana fa. Duk suna bugawa, kowace awa.”

“Tare?”

“A'a, na ɗan rarraba su, don in riƙa gane muryar kowanne.”

“Baba, biyar za mu ɗauka.”

“Sha biyar.”

“Shida. Malam yana da hawan jini.”

“Sha huɗu, kuma mai tsuntsun nan a falo za a rataye shi.”

Matar da ke gabansu ta waiwayo ta ce don Allah in ana sayarwa ne ita ma tana son ɗaya.

“Ba na sayarwa ba ne, 'yata,” in ji Baba. Ya juyo wajen Mai Kujeru. “Ina muka tsaya? Sha huɗu.”

“Bakwai, Baba.”